Wai Autar Gidan Ta Bar Cin Nama

Ranar sunan jikar maƙwabcinmu maganar ta tashi. An yanka rago tun da hantsi, ƙamshin suya ya cika tsakar gida, mu mata muna zazzaune a tabarmi ana miƙo faranti. Da aka zo kan autar gidan, wadda ta dawo daga karatu a Indiya, sai ta kare farantinta da hannu ta ce, "Inna, a bar ni da wake da shinkafa da kwaɗon zogalen nan. Na daina cin nama, har romonsa."

Goggo ta ajiye ludayi. "Ke 'yar nan, lafiyarki ƙalau? Likita ne ya hana ki?"

"Lafiya lau, Goggo. Ni na zaɓa."

"Ikon Allah! Mutane na ƙirga watanni kafin Babbar Sallah, ke kuma ga shi a gabanki kina kawar da kai."

Ba wanda ya ga laifin Goggo, don mu a wurinmu nama karamci ne. Baƙo ya sauka, kaza ce ke shan wuƙa. Maigida ya dawo da dare, yara na leƙen hannunsa ko akwai ƙunshin tsire. Mai jego sai an gasa mata nama da yaji, matafiyi kuma tsarabarsa kilishi. In ka miƙa wa mutum tsoka ya ce a'a, sai ka ji kamar hannunka ya ƙi.

Hajiya mai awara ce ta katse surutun. "Ku tsaya in tambaye ku. Jiya da dare me kuka ci?"

Aka ce tuwo da miyar kuka.

"Da safe fa?"

Koko da ƙosai. Wata ta ce ɗumame.

"Da rana?"

Ɗanwake, in ji ɗaya. Garau-garau da mai da yaji, in ji ɗaya. Wata ta ce faten tsaki da yakuwa.

"To, ina naman yake a nan?"

Dariya ta ɓarke har mai jego ta leƙo daga ɗaki. Hajiya kuwa gaskiya ta faɗa. Tukunyarmu ta yau da gobe hatsi ce da wake da ganye. Daddawar da ke ba miya armashi daga kalwar ɗorawa ake yin ta. Ƙuli-ƙulin kwaɗo gyaɗa ce. Rama, tafasa, zogale, ɗinkin, kabewar miyar taushe, duk daga gona da bayan gida suke. Ba ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bin ta, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya ga buhunan da idonsa. Ita kanta awarar Hajiya, da ake haɗawa da waken suya da ruwan tsami, abincin mutanen Sin ne tun fil azal, ga shi yau ba lungun da ba a suyarta da la'asar.

Aka juya kan auta, wai ta faɗi abin da ya kai ta. Ta ce a can ta zauna da mutanen da tun kakanninsu nama bai shiga gidansu ba, ga su da ƙarfinsu suna aikinsu. Ko biskit ka saya, akwai koren ɗigo a jikin ledar da ke nuna ba nama a ciki. Ta fara ne don sauƙin girki, sai ta ji jikinta sakayau. Amma abin da ya tsaya mata a rai shanun da ake lodawa a tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas, a cunkushe, cikin rana, ƙaho na sukan ƙaho. Ta ce tun tana ƙarama take kau da kai in motar ta gifta.

Nan Malamar Islamiyya ta gyara mayafi. "Ba dai cewa kike haramun ne ba ko?"

"A'a, Malama, wane ni. Halal ne, ni ce dai na bari."

"To, madalla. An kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, bai kuma hana ba, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Barin ci daban, haramtawa daban. Ki riƙe ladabinki ga masu ci, layya kuwa tana nan daram. Tausayin dabba da kika ambata, addini ya riga mu: a wasa wuƙa, kar a wahalar da abin yanka."

Anti ma'aikaciyar jinya ita ba ta bar maganar a nan ba. Ta tambaya ko auta na shan nono da cin ƙwai. Auta ta ce fura da nono kam ba ta rabuwa da su. Ta ce akwai waɗanda suka zarce haka, ba madara, ba ƙwai, ba zuma, har ƙungiya suka kafa a Ingila a 1944, amma ita ba ta kai can ba.

"Gara da kika tsaya nan," in ji Anti. "Akwai sinadarin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, ganye ba ya ba da shi. Nono da ƙwai na da shi, wanda ya bar su sai ya nemi ƙwayarsa a kemis. Ki riƙa haɗa wake da hatsi, ki matsa lemun tsami a kwaɗo don jiki ya ja ƙarfen da ke cikin ganye, shayi kuma ki jinkirta shi bayan abinci. Ranar da Allah ya kawo juna biyu, ki faɗa wa likita irin cimarki."

Goggo dai ba ta gamsu ba. Ta ce abincin wani gubar wani, amma ita a zuba mata kason auta. Inna ta ce kason ya riga ya tafi gidan marayun da ke bayan masallaci, auta da kanta ta kai.

Ni abin da ya zauna mini shi ne, sau nawa muka wuni ba nama muka kira shi rashi, alhali abincin da ya raini iyayenmu ne, ya kai su gona ya dawo da su. Yarinyar nan ba baƙon abu ta kawo mana ba. Abin da take nema shi ne a bar mata wuri a tabarma ba tare da an tsare ta da ido ba.

Shekaranjiya na shiga gidan aron turmi, na tarar Inna na miyar taushe. Kafin ta zuba ƙashi sai ta ɗebi ludayi uku a ƙaramar tukunya, ta ƙara daddawa da gyaɗa, ta ce wa jikanta, "Ɗora wannan a gefe, ta antinka ce."