Nazari a Kan Baƙon Malamin Turanci da Ɗalibansa a Lajawa

Koyar da yara Turanci a ƙasar da ba ta malami ba sana'a ce da ta yaɗu a duniya, har ƙasar Japan ta kafa mata shiri na musamman a 1987, wanda a ƙarƙashinsa samarin Ingila da Amurka kan je su taimaka wa malaman can a cikin aji. Sai dai ba lalle ne mutum ya hau jirgin sama ba kafin ya tsinci kansa a ƙasar waje, domin ga matashin da ya tashi a Inugu ko Abekuta, wanda bai taɓa wuce Lakwaja ba, ƙasar waje takan fara ne daga lokacin da mota ta sauke shi a tashar Wudil, ya nemi hanyar Lajawa, ya ga kowa yana ba shi amsa da fara'a cikin harshen da bai san ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Wannan matashi shi ne ɗan bautar ƙasa, wanda jama'a suka fi sani da kofa, wato wanda ya gama jami'a ko wata babbar makaranta aka tura shi hidimar shekara guda a jihar da ba tasa ba, bisa tsarin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973.

Ba shi ne baƙon malami na farko a ƙasar Kano ba, kuma tarihin magabatansa ya kamata ya zame masa gargaɗi. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ya zo ne da ilimin Turawa, amma Kanawa suka yi masa aiki a hankali har ya wayi gari sunansa Ɗan Hausa, sunan da gidansa yake amsawa har yau. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, an ga malamai daga Gana da Indiya a makarantun Arewa, kafin gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama a 1983, mutanen Gana suka koma gida suka bar wa ƙasa sunan wata jakar leda mai zane-zane, wadda a cikinta ne, bisa ga dukkan alamu, kofa yake zuwa da kayansa.

Bayan makonni uku na horo a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye, akan miƙa wa kofa takardar wurin aiki, kuma ko da injiniyanci ya karanta ko ilimin kiwon kifi, hedimasta yakan dube shi sau ɗaya ya ba shi darasin Turanci, bisa hujjar da ba a taɓa musantawa ba, cewa duk wanda ba ya jin Hausa dole ya iya Turanci. Ranar farko takan yi masa daɗi ƙwarai. Yana sa ƙafa a aji monita, wato yaron da aka naɗa shugaban aji, zai bugi benci, yara su miƙe su ja gaisuwar “Gud monin sa” da murya ɗaya har ta ƙetare katanga, idan ya tambayi lafiyarsu su amsa da cikakkiyar jimla har da godiya a ƙarshenta. A nan ne malamin yake yanke hukuncin cewa an yi wa Arewa ƙage. Ba ya gane kuskurensa sai ya tambayi wani yaro sunansa, ajin gaba ɗaya ya maimaita masa tambayar da irin karin muryarsa, ya ce a yi shiru su ce a yi shiru, ya dafe kai wasu daga cikin masu ƙwazo su ma su dafe nasu. Gaisuwar kuwa ba ta san agogo ba, domin ko da azahar ya haɗu da su a bakin famfo, safiya za su yi masa.

Wannan hanyar karatu, wadda za a iya kira amshi, ba laifin yara ba ce, domin sun zo makarantar ne da kunnen da ya riga ya ƙware wajen riƙe sauti, kuma sun lura cewa babu wanda ya taɓa neman wani abu daga gare su bayan sautin. Littafin aji ɗaya yakan fara harafin farko da hoton tuffa, ɗan itacen da yawancinsu ba su taɓa ɗanɗana ba, alhali mangwaro da goruba da aduwa suna nan a bakin hanya babu wanda ya ba su harafi. Saboda haka malami kan ɓata rabin darasi yana zana tuffa a allo, yara kuma su tashi da tabbacin cewa an koya musu sunan tumatir da Turanci.

A mako na biyu ne ake samun tafinta. Tafinta a tarihin mulkin mallaka shi ne mai fassara tsakanin Bature da sarki, mutumin da ikonsa a zahiri ya fi muƙaminsa, kuma a aji uku na firamare ma haka abin yake. Yawanci yarinya ce da ta taɓa zama a Kano wurin gwaggonta, ko yaron da yayansa ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Malam zai yi bayani na minti biyar a kan bambancin suna da aikatau, tafinta ya juya ya ce wa aji, “Malam ya ce ku kwafa.” Idan malam ya fusata ya yi dogon faɗa, fassarar ita ce, “Yau ransa a ɓace yake.” Wani lokaci kuma, musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, hankalin rabin ajin yana kan kara, wato wurin cinikin shanu, fassarar takan zama cewa malam ya ce a tashi, kuma babu yadda malam zai tabbatar da cewa ba haka ya ce ba.

Dokar hana Hausa a aji, wadda wasu makarantu suke ji da ita, ta fi komai nuna zurfin tsarin. Akan ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa domin a ci shi tara ko a sa shi shara, amma da yake monita ba shi da hanyar sanar da mai laifi laifinsa sai da Hausa, shi ma mai laifin ba zai iya kare kansa ba sai da ita, shaidu kuma haka, shari'ar kanta takan haifar da laifuffuka fiye da waɗanda aka zauna a hukunta.

Iyaye su ne ginshiƙin wannan ciniki, kuma bukatarsu ba ta da yawa. Uban da ya biya kuɗin makaranta, musamman irin masu zaman kansu da ake kiran malamansu Anti da Ankul, waɗanda sunan kowace yakan ɗauki kalmar intanashinal ko da azuzuwanta uku ne da rumfa, yana son ya ji kuɗinsa da kunnensa. Idan baƙo ya zo, bayan an kawo fura, sai a aika a kira yaron a ce, “Zo ka yi wa Baffanka Turanci.” Yaron zai ƙame, ya haɗa hannu a baya, ya zubo sunayen ranakun mako da watannin shekara da sassan jiki a numfashi ɗaya, Baffa, wanda shi ma bai ji komai ba, ya gyaɗa kai ya ce, “Tubarkalla, wannan ai likita ne,” ya zaro naira ɗari. Uban kuma idan ya gamu da malamin a hanya yakan ce, “Malam Kofa, Allah ya saka da alheri, yaron nan yanzu ko mu ba ma gane abin da yake faɗa.” Wannan ita ce yabawa mafi girma da ake yi wa malamin Turanci, kuma ya kamata a lura cewa malamin ma sau da yawa ba ya ganewa. A ƙarshen shekara akan yi bikin yaye 'yan nazare, a sa wa ɗan shekara biyar rigar digiri da hula mai tuntu, a ɗauki hoton da za a sa a WhatsApp, a raba shinkafa, kuɗin da aka kashe kuma ya isa ya sayi littafin karatu ga kowane yaro a ajin.

Gwamnati ba ta yi shiru a kan lamarin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, a 2022 aka sanar da faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida na firamare, a 2025 kuma aka sanar da soke wannan a koma Turanci. Duk waɗannan sanarwoyi sun iske ajin yana gudana yadda ya saba, malam yana magana da harshe ɗaya, yara suna tunani da wani, tafinta yana tsakiya yana mulki.

Idan aka zo lissafin wanda ya ƙaru da wani, sakamakon ba ya bukatar dogon bincike. Kofa yakan iso da kalmomi biyu, “Ba Hausa,” amma da yake mai awara da mai shayi da ɗan acaɓa ba su da tafinta kuma ba sa karɓar amshi a madadin kuɗi, kafin wata uku ya iya “nawa ne”, ya iya “haba, rage mana”, kafin damina ta faɗi ya iya gaida dattawa da tambayar iyali da gajiya da aiki, ya kuma gane cewa da ɗan gari akan ci gari. Malamansa su ne yaran nan da aka ɗauke shi ya koyar, waɗanda suke gyara masa furuci da dariya ba da bulala ba, ba sa karɓar albashi, ba sa kuma barin kuskure ya wuce. Ranar sallama yakan tashi a gaban dagaci da hedimasta ya yi jawabin godiya da Hausa mai ɗan karkata amma mai ma'ana, jama'a su yi tafi domin sun fahimta. Daga nan sai a kira yaron da ya zo na ɗaya ya mayar da jawabi da Turanci, wanda kofan da kansa ya rubuta masa tun makonni biyu da suka wuce, jama'a su yi tafin da ya fi na farko ƙarfi.