Sarakunan Takardar Gado

Lissafin gado bai cika tsayar da kowa a Damagaram ba. Duk malamin zauren da ya sauke Risala, a Birni yake ko a Zango, zai fitar wa matan mamaci tumuninsu, ya ba ɗa namiji rabon mata biyu, kafin shayi na biyu ya nuna. Abin da ke sa gida ya shekara uku ba a raba ba, har rufinsa ya fara zuba, takarda ce: shaidar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari, takardar zaman dangi wadda aka naɗa wakili a cikinta, ta kotu mai jera sunayen magada, sai wasiyya idan marigayin ya bar ta a rubuce. Banki na son ganinsu, asusun CNSS na so idan ma'aikacin kamfani ne ya rasu, ofishin filaye ma haka, kuma abin da kowannensu ya karɓa ya shiga fayil ke nan. Shi ya sa nake ganin gidan da ya zauna da takarda ƙwaya ɗaya ya naɗa wa kansa sarki ba da saninsa ba. Maganin abin shi ne a yo kwafi masu hatimin hukuma tun kafin sadakar arba'in, kowane magaji a danƙa masa nasa. Mai shakka ya dubi irin mutanen da ƙarancin takarda ke haifarwa.

Babbansu shi ne Sarkin Akwati. Yawanci babban wa ne, kuma kafin rasuwar ba wanda ya taɓa kuka da shi. Ranar sadakar uku ya tattara takardu ya kulle a akwatin ƙarfe, makulli ya koma aljihun 'yar ciki, daga nan har tafiyarsa ta sauya. Ka ce masa, "Yaya, banki na neman takardar Baba," ya ce, "Tana nan lafiya lau," sai ka ce lafiyarta ka tambaya. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya kuma hanawa a fili. Sai dai ranar da ake nemansa yana Agadas, ranar da ya dawo kuma Juma'a ce da yamma, ofisoshi sun tashi. Idan ƙaunar takardar ta yi masa yawa sai ya kai a manne ta cikin leda, yadda ba sauran wurin da wani hatimi zai zauna. Sarautarsa duka a kan abu ɗaya ta dogara, wato babu takarda ta biyu.

Kusa da shi akwai Kawu Na-ji-da-kunnena, wanda shi kaɗai ke ɗakin lokacin da marigayi ya yi maganar ƙarshe. Ranar jana'iza wasiyyar ba ta wuce a kula da yara ba. Ranar bakwai ta haɗa da keken ɗinki. Kafin arba'in ta haɗiye gonar hanyar Mirriya, kuma abin mamaki duk wanda aka yi wa wasiyyar daga ɗakin Kawu ya fito. Shi ne kan gaba wajen cewa rubuta wasiyya da buga mata hatimi ɗabi'ar Nasara ce, Allah ya riga ya raba gado, me ya rage wa takarda? Maganar tana da nauyi a kunnen mutane, don haka ta cancanci amsa. Rabon da Allah ya yi yana zuwa ne bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, kuma wasiyyar da iyakarta: ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita sai sauran magada sun yarda. To ta yaya za a auna sulusin maganar da ke ƙara girma kowane mako? Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Hatimi kuwa ya riga Faransawa zuwa garin nan. Su a 1899 suka shigo, alhali tun zamanin Sarki Tanimun wasiƙun fada na zuwa Kukawa da Larabci, fataken da ke kai fata da gashin jimina Tarabulus kuma ba da ka suke riƙe basussukansu ba.

Akwai ƙananan hakimai da ba sai an daɗe a kansu ba. Ga Mai Fotokopi, wanda ya yo kwafin kwafin kwafi har sunan mahaifinsa ya zama hazo, yana mamakin an dawo masa da ita alhali kuɗinsa ya biya. Ga ƙanin da ke Aljeriya, wanda ya turo hoton wakilcinsa ta WhatsApp da babban yatsansa a kan kwanan wata. Ga kuma Na-san-wani, mai zaman benci a ƙofar kowane ofishi, wanda ya san direban maƙwabcin magatakarda. Yakan karɓi kuɗin kabu-kabu da na goro, ya yi mako biyu a kan aikin da mai shi zai gama da safe ɗaya in ya sayi tambur ya bi layi.

Mushe ya fi su daɗin kallo. Ya yi ritaya, yana da tabarau da jakar fata, kuma a zaman dangi da Faransanci yake buɗe baki, yana jero lambobin dokar Faransa ga goggonnin da ke jan carbi. Abin da ya manta shi ne dokar Nijar da kanta ta sallama wannan fage. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, da wadda ta gaje ta a 2004, da ta 2018, al'adar masu shari'a ake bi a sha'anin aure, gado da wasiyya, alƙali na zama tare da masana al'ada, al'adar kuwa a Zinder fiƙihun Malikiyya ce. Duk da haka kada a yi saurin korar Mushe, don shi ne kaɗai zai lura cewa marigayi Mahamadou ne a katin ɗan ƙasa, Mahaman a takardar fili, Mamane a banki, kuma a guda an rubuta an haife shi wajejen 1950, a wata wajejen 1953. A idon dangi mutum ɗaya aka binne. A idon magatakarda uku ne, kuma sai kotu ta haɗe su kafin a taɓa ko dala.

Nan ne masu adawa da yin kwafi masu hatimi ke da hujjarsu mafi ƙarfi. Hatimin magajin gari ko na komisariya ba ya shaida cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne, iyakarsa ya ce kwafin ya yi daidai da asalin da aka nuna. Idan asalin ƙarya ce, an dai sami ƙarya goma masu tambur. Haka ne, amma takardar da ke hannu goma ido ashirin ke karanta ta, kuma wanda aka tsallake sunansa zai gani tun kuɗi na banki, ba sai an sayar da gida ba. Batun tsada kuma, kuɗin tambur goma bai kai na abincin zaman sulhu ɗaya ba. Kunya ce ta fi wuya, don neman kwafi a wurin babban wa kamar tuhuma ce, wanda kuma ya fi cutuwa da wannan kunya ita ce matar da ke takaba. Wata huɗu da kwana goma tana ɗaka, a daidai lokacin da ake zaman dangi, ake naɗa wakili, ake zuwa kotu. Idan al'ada ta zama kowa a ba shi nasa ba sai ya roƙa ba, babu wanda aka tuhuma, ita ma tana da abin da za ta miƙa wa ɗan'uwanta ya karanta mata.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya zuwa sai an gama lissafi an shafa fatiha. Saurayi ne mai ladabi, ya sauka daga motar Kano, ya durƙusa ya gaida kowa da sunansa, goshinsa da hancinsa kuwa na marigayi ne sak. Kawu ya ce bai taɓa jin wannan aure da kunnensa ba. Sarkin Akwati ya ce babu sunansa a akwati. Yaron ya ce, "Gaskiya ne, Yaya," ya buɗe jaka ya fito da takardar auren mahaifiyarsa da ta haihuwarsa, kowacce kwafi shida, duka da hatimi.