Ragowar Alawar Sallah da Ma'abotanta

Idan Ƙaramar Sallah ta wuce, yaran da suka bi gida-gida suna barka da sallah, tun daga Tasawa da Maijirgi har Mayahi da Kanan Bakashe, suka juye abin da suka tara a kan tabarma, sai kowane gida ya wayi gari da wata dukiya mai wuyar sha'ani: alawa da minti, dabino da kantun riɗi, ga dubulan da alkaki da nakiyar da baƙi suka rage. A daidai wannan lokaci ne kuma manya, waɗanda azumin wata guda ya sassabe musu tumbi, likita kuma ya ja musu kunne kan ciwon sukari, suke ƙudurta niyyar kame baki. To, a tsakanin wannan niyya da waccan dukiya ne halayen bayin Allah suke bayyana, har su kasu kashi biyar.

Na farkonsu shi ne Mai Tawili, wanda bai taɓa kai alkaki baki ba sai da hujja. A fatawarsa, zubar da abinci almubazzaranci ne, barinsa ya lalace kuwa butulce wa ni'ima ne. Saboda haka, don ya kuɓutar da iyalinsa daga zunubi, sai ya sadaukar da cikinsa, ya zauna gindin kwano bayan La'asar yana ci yana istigfari. In an tuna masa da maganar likita, sai ya ce ai wannan alkaki da zuma aka yi shi, zuma kuwa waraka ce.

Na biyu ita ce Ma'ajiya, uwargidan da ke tattara alawar yara duka ta zuba a langa, ta tura ƙarƙashin gado, wai don kada haƙoransu su ruɓe. In ƙaramin ya zo ya ce, "Inna, ina alawata?" sai ta ce, "Tana nan, ɗan nan, ajiya ba ta ɓata." Amma duk wanda ya kasa kunne bayan Isha'i zai ji murfin langa yana ƙara a hankali, sannan ƙarar leda ta biyo baya. Ranar da aka buɗe amanar a gaban masu ita, sai a tarar zafin ɗaki ya narkar da ɗan abin da ya saura ya zama curi guda, a ɗora laifin a kan tururuwa.

Na uku shi ne Mai Ushira, galibi kaka ne ko baffa, wanda ke zama a zaure kamar mai karɓar kuɗin fito, ba yaron da zai shige da jakarsa sai an fitar masa da rabonsa. Nisabin da yake aiki da shi ba ya cikin littafin kowane malamin Malikiyya, domin ɗaya cikin uku yake ɗauka, kuma mai daɗin yake zaɓa.

Na huɗu ita ce Mai Sadakar Dabara, wadda da ta ga nafsu na neman rinjayarta sai ta rufe dubulan a kwano ta aika wa maƙwabciya. Da yake ita ma maƙwabciyar likita ɗaya suke gani, sai ta ba ɗan aike tukuici, ta sauya murfi, ta tura gaba. Haka kwanon zai zaga unguwa yana tara godiya da addu'a, har ranar Juma'a ya komo wa mai shi, ita kuwa ta ce tun da ya dawo, rabonta ne, rabo kuwa ba a gudunsa.

Na biyar, wanda ya fi yawa a yankin Gulbin Kaba inda goruba take a yalwace, shi ne Mai Kaffara. Wannan ba ya musun laifinsa, sai dai ya yi imani cewa kowace nakiya tana da abin da ke kankare ta: ya ci uku, ya kora da jiƙon goruba, ya ci kwaɗon zogale, sa'an nan ya ɗora shayi a kan gawayi ya zuba masa sukari har cokali ya tsaya.

Hukuncin da ya hau kansu duka guda ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, jiƙon goruba kuwa ba ya goge abin da aka riga aka haɗiye. Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka bar ragowar ta kwana uku a gidanka: ka raba wa yara nasu kaɗan-kaɗan bayan sun ci tuwo, ka kai saura makarantar allo inda bakuna suke da yawa, baɗi kuma, in Allah ya kai mu, ka rage awon fulawa da sukari tun daga kasuwa.