Ranar da Aka Shanye Duniya

Ba son duwatsu da koguna ne ya sa na cike darasin labarin ƙasa a fom ɗin JAMB ba. Wani abokina ne a majalisa ya ce mini, "Ai jogirafi banza ce ta faɗi. In dai ka san a Lokoja Kwara da Binuwai suka haɗu, ka ci rabi." Na gaskata shi, don sau uku yana rubuta jarrabawar, dole ya fi ni saninta.

Na tafi Sabon Gari na sayo littafin tambayoyin shekarun baya. Sau ɗaya tak Lokoja ta leƙo a cikinsa. Sauran duk taswirori ne masu layuka a cukurkuɗe kamar an kifar da taliya a tabarma, wai in faɗi ina ne tudu, ina ne kwari. Na duƙufa. Na haddace cewa Chappal Waddi na Taraba ya fi kowane dutse a Najeriya tsawo, mita 2,419, an gama madatsar Kainji a 1968, layin Greenwich kuma ta Tema ya ratsa a Ghana. Ko cefane aka aike ni, tafe nake ina ƙunƙuni, har maƙwabta suka fara yi wa Umma jaje.

Malaminmu na lesin ya ce karatu ba ya zama sai ka koya wa wani. Na duba gidan kaf, Iya kakata ce kaɗai ba ta da ƙafar gudu. Na samo lemo na soke shi da tsinken tsire, na karkata shi digiri 23 da rabi, na haska masa tocila.

"Iya, wannan ce duniya, wannan rana. Duniya ce ke juyawa, rana tana nan zaune."

Ta dube ni, ta dubi lemon. "To angona, in juyawa take yi, me ya hana in wayi gari in gan ni a Makka? Shekara nawa ina tarin kuɗin kujera?"

Na shiga ɗaki ɗauko littafi in kafa mata hujja. Kafin in fito, Auta ya ɓare duniya ya shanye ta, ya bar mini tsinke da ɓawo.

Babbar fitinar kuwa lissafin lokaci ne ya jawo ta. Ƙa'idar ba wuya: kowane digiri 15 awa ɗaya ne, in ka nufi gabas ka ƙara, in yamma ka rage. Kawu ya tafi Umra, wani dare da ƙarfe goma sha ɗaya Umma ta ce tana son jin muryar yayanta, amma tana tsoron ko ya kwanta. Na gyara zama na ɗauko biro. Agogonmu a kan digiri 15 yake, na Saudiyya a kan 45, tsakani awa biyu ke nan. Duk wannan daidai ne. Sai na rage.

"Kira shi kawai, Umma. Yanzu tara ta yi a can, ƙila ma bai ci abinci ba."

Ta saka wayar a amsa-kuwwa. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka, murya a dishe: "Innalillahi! Wa ya rasu?" Da Umma ta ce gaisuwa ce, sai muka ji tsawa: "Gaisuwa ƙarfe ɗayan dare? Wane ɗan bokon ne ya ba ki lokaci?" Kowa ya juyo gare ni, har Auta.

Ranar jarrabawa na zauna gaban kwamfuta, tambayoyi 180 cikin awa biyu, arba'in na labarin ƙasa. Ga tambayar lokaci ta bayyana, wani gari ne can gabas. Ƙa'idar ta ɓace mini ɗungurungum, gumi ya karyo. Sai na ji muryar Kawu a tsakiyar kaina, ɗayan dare! Na ƙara, na danna.

Da na dawo gida Iya ta tambaye ni ko duniyar ta juya da ni lafiya. Kawu kuwa da ya sauka ya raba wa kowa dabino da zamzam, ni ya miƙo mini agogo.