Neman Shagon Nutso A Jidda, Da Amsa Ga Masu Yi Da Ni

Na ji duk abin da kuka ce, har wanda kuka faɗa a bayan idona. Wai aiki ya kai mutum Jidda, ƙofar Makka, maimakon ya riƙa tsallakawa Umara duk ƙarshen mako, ko ya nemo wa jama'a inda ake sayar da jallabiya da araha a Bab Sharif, sai ya ɓuge da yawon neman shagon masu nutso a teku. Wani Bazazzagi ma har da aiko mini da saƙon murya, wai duk tekunan duniya ban ga wanda zan shiga ba sai Bahar Maliya, wanda ya ci Fir'auna. Malam, Fir'auna da dawakai ya shiga, kuma Annabin Allah ya biyo. Ni da tukunyar iska nake shiga, ban kuma biyo kowa ba.

Masu cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, Bahaushe ina shi ina ƙarƙashin teku, ku yi a hankali kada Kabawa su ji ku. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, kuma mutanen nan da suke faɗawa Matan Fada su fito da giwan ruwa a rungume, ba da Faransanci suke magana ba. Ku ne dai 'yan birni, waɗanda iyakar saninku da ruwa shi ne kududdufin bayan gida da aka hana ku shiga kuna yara, kuke ɗaukar tsoronku ku rataya wa dukan ƙabila.

To, ku matso in gaya muku abin da ya sa ban faɗa shagon farko da na gani ba.

Tukunyar nan da ake goyawa a baya, da yawanku kun ɗauka oksijin ne irin na asibiti. Ba shi ba ne. Iskar nan ce da muke shaƙa yanzu, inji ya matse ta ya cusa cikin silinda mai cin lita 11 ko 12, har matsin ya kai bar 200, wato ninki ɗari biyu na matsin iskar da ke kanmu a sarari. Abin da ake cizawa a baki shi ke sassauta ta, ya ba ka daidai yadda huhunka zai ɗauka, dabarar da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka fito da ita a 1943. Ma'ana, duk numfashin da za ka yi a ƙasan ruwa, wani ne ya ɗura maka shi a bayan shago. Ka ga kuwa ai dole a san wane ne shi, kuma da wane irin inji yake aiki.

Shagunan suna da yawa a Jidda, musamman idan ka nufi arewa wajen Abhur, inda teku ya kutso cikin tudu, jiragen ruwa ke kwana. Gabansu duk kyau gare shi: gilashi na sheƙi, sanyin iyakwandishan, rigunan ruwa a rataye, hoton kifaye masu launi a bango. Ni kuwa abu ɗaya nake roƙo bayan gaisuwa, a kai ni in ga kwamfuresa. A nan ake rabuwa. Wani shagon yaron ya dube ni kamar na ce ya nuna mini ɗakin uwarsa, ya ce mai makulli ya fita. Wani kuwa, dattijon da ke kula da injin har murna ya yi da aka sami mai tambaya. Ya ja ni baya, ya nuna mini bututun da ke zuƙo iska, an kai shi can saman rufi, nesa da inda motoci ke tsayawa. Ya ciro wani littafi da ya sha maiƙo, kowane layi da ranar da aka canja matata da awoyin da injin ya yi. Sannan ya ɗauko silinda ɗaya ya ɗan murɗe kanta, ya ce in kawo hanci. Babu wari, babu ɗanɗanon mai. Ya juya ta ya nuna mini wata da shekarar da aka buga a wuyanta, na gwajin ƙarfinta na ƙarshe.

Na san abin da za ku ce, wai iyayi. To, wanda ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwana da janareto a cikin gida aka wayi gari babu su, ya san abin da hayaƙin inji ke yi. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, shi ya sa hanci kaɗai ba ya isa, sai an ga inda bututun yake. Kuma ruwa ninka ta yake yi: kowace mita 10 da ka sauka, matsin yana ƙaruwa da nauyin iskar sarari guda. A mita 30 duk abin da ke cikin tukunyar, mai kyau da mugu, ninki huɗu kake zuƙa a kowane numfashi. Can ƙasa kuwa babu taga da za ka buɗe.

Sai maganar kwali. Kusan kowace ƙofa za ka ga tambarin PADI, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1966, ko SSI, ko CMAS. Tambarin yana da amfani, don katin da za su ba ka ana karɓarsa daga Masar har Indunusiya, kuma kana iya bincika lambar malamin ka tabbatar rajistarsa ba ta mutu ba. Amma manna takarda a ƙofa ba wuya. Abin dubawa shi ne ko suna bin abin da tambarin ya ce. Matakin farko a tsarin PADI ba ɓoyayye ba ne: karatu da jarrabawa, darussa 5 a ruwa mara zurfi, nutso 4 a teku, ka yi iyo na mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Bayan duk wannan, iyakarka mita 18. Wani mai shago, ganin baƙar fata da hula, ya rage murya ya ce mini idan ina sauri za a iya gama komai yau, kati ya fito gobe, da ragi. Wato ya ɗauka ni ma irinku ne, masu son lasin tuƙi a kawo musu har gida. Na yi masa godiya na fita. Kifi ba ya duba kati.

Abin da na fi yarda da shi a wajen zaɓe, kuma nan ne Alhaji zai fara ɓata rai, shi ne shagon da ya iya ce maka a'a. Kafin a taɓa kuɗinka za a miƙo maka takardar lafiya: asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, matsalar kunne, juna biyu. Mu kuma da sikila ta yi yawa a cikinmu, wannan ba wurin ɓoye ta ba ne, sai likita ya yi magana. Ka zo da mura hanci a toshe, malamin kirki zai ce ka zauna a jirgi ka sha shayi, don kunnen da ba ya daidaita matsi fashewa yake yi. Ka ce jirginka na Kano da asuba ne, zai ce yau ba ka shiga, saboda naitirojin da jiki ya jiƙa a ƙasa yana buƙatar lokacin fita, awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan ka maimaita. "Ni da kuɗina?" E, Alhaji, kai da kuɗinka. Wanda ya karɓe su ya ce bismilla, kuɗin yake so, ba kai ba.

Yadda na gano nawa ba a intanet ba ne, inda kowane shago taurari biyar gare shi kuma rabin masu yabon ƙannen mai shagon ne. Abin kamar neman aure ne: ba a tambayar gidan yarinya halinta, unguwa ake shiga. Ka je bakin tashar jiragen Abhur ranar Asabar da yamma, lokacin da suke dawowa, ka tsaya gefe ka zuba ido. Za ka ga waɗanda ke wanke kaya da ruwan daɗi su shanya a inuwa, da waɗanda ke jibge su cikin gishirinsu a bayan mota. Za ka ga malamin da ya fito da ɗalibai huɗu yana kiran kowa da sunansa, da wanda ya fito da garke yana ƙirga kawuna. Ka tambayi masu saukowa: akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgin, kun gan ta da idonku? An yi muku bayani kafin a shiga? An tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito? Wa ya dawo da iskarsa ƙasa da bar 50, kuma me malam ya ce masa? Ka tambayi malamin kansa, idan wani ya sami matsala, wane asibiti ne ke da ɗakin matsin iska. Wanda ya sani ba ya duba waya kafin ya amsa.

Kuma idan shago ya nemi kwafin iƙamarka kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kada ka fara zargin za a sayar da kai. Masu tsaron iyaka ne ke son sunayen duk wanda zai fita teku. Wanda bai tambaya ba ne abin tsoro.

Hajiya, na ji ke ma, wai tsiraici. Rigar nutso daga wuya har idon sawu take, akwai mai haɗe da hula, kuma a Jidda akwai mata malamai masu koyar da mata. Ki nemi wani dalilin.

Saura masu kifin shak da masu 'yar ruwa. Shak akwai shi a Bahar Maliya, ba zan yi muku ƙarya ba, amma masu nutso kuɗi suke biya a kai su inda za su gan shi, sau da yawa kuma su dawo ba su dace ba. Abin da ke raunata mutane shi ne gaggawa: mutum ya firgita ya riƙe numfashi ya yi sama, alhali iskar da ya shaƙa a mita 10 ninki biyu za ta kumbura kafin ya kai sarari. Shi ya sa malamin da zai sa ka cire tabarau a ƙasan ruwa ka mayar, ka sake, ka sake, har ka fara jin haushinsa, ya fi mai yi maka hoto. 'Yar ruwa kuwa, na duba ko'ina cikin murjani, ban gan ta ba. Wataƙila gishirin ne ya yi mata yawa, don Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, har sai an ƙara wa mutum dalma a ƙugu kafin ya iya nutsewa.

Na san akwai Bakanon da tun ɗazu bai ce komai ba, yana jira ya ji ko akwai riba. To, ga naka. A wajen Jidda akwai jiragen dakon kaya da suka daki murjani suka nutse, kuma nan ake kai masu nutso. Ɗaya ana ce masa jirgin kebur, don wayoyi da kayan gini ya ɗauko. Ɗaya kuma jirgin kaji, don daskararrun kaji ne a cikinsa. Zauna, Alhaji, ajiye kalkuleta. Ba a ɗauko komai daga ƙasa, ko ƙusa, shagon kirki ma zai kore ka idan ka gwada. Kajin kuma, kifaye sun riga ka tun shekaru aru-aru, ba su ko tsaya ciniki ba.