Zangon da Aka Kyautar

A watan Fabrairun 1764 wani matashi, Auguste Chouteau, ya sauka da ma'aikata a gaɓar yamma ta kogin Misisifi, suka fara saran itace. Ubangidansa Pierre Laclède ne ya zaɓi wurin: tudu ne da ambaliya ba ta kai masa, fataken fatu kuma za su ji daɗin sauke kaya. Suka raɗa wa zangon suna Sen Luwi, don tunawa da wani tsohon sarkin Faransa. Faransawan ƙetaren kogi, da suka ji an bar wa Ingila ɓangarensu, suka kwashi mata da yara suka hayo, wai don su ci gaba da zama a ƙasar sarkinsu.

Ashe ƙasar ta daɗe da barin hannunsa. Tun Nuwamban 1762 Sarki Louis na 15 ya kyautar da ita ga ɗan'uwansa sarkin Sifen, a asirce. Yau labarin Faris yakan iso mana kafin shayi ya huce. A zamaninsu sai jirgin ruwa ya yi 'yan watanni. Wannan labari kuwa kusan shekara biyu ya yi a hanya, kuma ba teku ce ta riƙe shi ba.

Mutanen Niyu Oliyans, babban birnin yankin, suka yi abin da talaka ya saba: suka rubuta koke, suka ɗora wa attajirinsu Jean Milhet. Ya kai har Faris. Minista ya saurare shi. Sarki dai bai ganu ba. A 1768 suka fusata suka kori gwamnan da Sifen ta turo, Antonio de Ulloa. Shekara na zagayowa Janar O'Reilly na Sifen ya iso da soja wajen 2,000, ya gayyaci shugabannin boren gidansa cikin mutunci, aka kama su a can. An harbe biyar.

Manyan Sen Luwi ba su yi wannan gangancin ba. Mutane ne masu hangen nesa, Allah Ya ba su iya gaisuwa. Kowane kwamanda aka turo, suna bakin ruwa suna jiransa. A 1794 Sifen ta ba gidan Chouteau cinikin fatu da ƙabilar Osej, su kaɗai, aka kuma yi ta yanka musu filaye da hatimi. Mai tuƙin kwale-kwale da mai noman masara a gonar gayya, su dai sun san kakansu ya share nan, kowa shaida ne.

A 1800 Sifen ta mayar wa Faransa ƙasar, nan ma a ɓoye. A 1803 Napoleon ya sayar wa Amurka a kan dala miliyan 15. A Maris na 1804 aka sauke tutar Sifen a Sen Luwi, aka ɗaga ta Faransa ta kwana ɗaya don a sanyaya wa mutanen gari rai, washegari ta Amurka ta hau.

Sababbin masu ƙasa suka kafa kwamitin filaye, suka ce kowa ya kawo takardarsa. Da yawa ba su da ita. Chouteau yana da tasa, a adane, kuma da za a tattauna da ƙabilun yankin, yana cikin waɗanda gwamnati ta naɗa wakilai. Ya rasu a 1829, babu wanda ya kai shi dukiya a garin.