Boilar da Ta Ƙi Cin Wuta

Boilar gidan da muke haya a Bradford ta girme ni, ko dai mu zo sa'a ɗaya. Tana zaune a ƙasa cikin wani kabad a kusurwar kicin, fentinta ya koma ruwan ƙwai, kuma in ta tashi aiki sai ta yi wani "bum" da ke sa baƙo ya ajiye cokali. Maigidan haya ya ce tun da ya sayi gidan ba ta taɓa ba shi matsala ba. Gaskiyarsa, tunda shi a wata unguwa yake kwana.

Ta zaɓi ranar mutuwarta da kyau. Ƙarshen Fabrairun 2018 ne, lokacin da iskar Saiberiya ta sauko wa Birtaniya, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Dodon Gabas. Na tashi sallar asuba, na buɗe famfon ruwan zafi, na tara hannu. Abin da ya zubo ya sa na fara bitar babin taimama a zuciyata, sai na leƙa taga na ga babu ko ƙwayar ƙasa a tsakar gida, ƙanƙara ta shafe komai. Haka na yi alwalar nan, wanki ɗaya-ɗaya, ina karkarwa.

"Abban Hanifa, gidan nan fa ya mutu," in ji uwargida daga cikin bargo. Hancinta kaɗai nake gani.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni ɗan Kano ne, na girma da janareta. Na san cire fulogi, na san goge shi da fetur, na san hura kafireto da baki. Inji dai inji ne.

Intanet ta ce in fara duba ko akwai gas. Kafin in gama neman tocila in je wajen mita, uwargida ta fito da bargonta ta kunna murhu, wuta ta kama shar, ta ɗora shayi, ta koma ba ta ce mini uffan ba. Intanet ta ce in duba allurar matsin ruwa, wai ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Na zagaya boilar nan gaba da baya, babu allura, babu ma gurbinta. Irin tata daga wani tanki a cikin rufin gida take shan ruwa, an yi ta tun kafin a fara wannan yayin.

Maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin Fakistan, ya hango ni ta kan katanga. Ya ce ɗana, kada ka wahalar da kanka, duk layin nan ciwo ɗaya ne: bututun roba da ke fitar da ruwan boila waje ne ya daskare, ka zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Kuma ya yi gaskiya game da layin. Tun 2005 doka ta ce sabbin boilolin gas da za a girka a Ingila su zama masu tatsar zafi daga hayaƙinsu, kuma waɗannan suna ɗigar da ruwa ta wani siririn bututu. In ya toshe da ƙanƙara sai su kashe kansu. A makon nan rabin ƙasar na waje da butoci.

Na bi sahu. Na cika buta, na sa silifas, na samu wani farin bututu a bango na yi masa wanka mai kyau. Sai da na juye buta ta ƙarshe na ji uwargida ta saki ruwan wanke-wanke, ya biyo ta cikinsa ya wuce abinsa. Ita tamu tsohuwar ba ta da wancan bututun sam. Ruwan da na zubar kuwa bai yi asara ba, ya kwanta a kan dakalin ƙofa ya zama gilashi. Ban san na bar ƙasa ba sai da na ga silifas ɗina ɗaya yana tafiya gidan dattijo. Ya miƙo mini shi ta kan katanga, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya yi saurin shigewa ciki, kafaɗunsa na rawa.

Da na buɗe murfin boilar na tarar da wata tsohuwar takarda manne a ciki, gefenta ya babbake. Ta ce akwai wani ɗan harshen wuta da ke kwana a kunne dare da rana, shi ke kunna babbar wutar in an buƙata. A leƙa ta wata 'yar taga mai faɗin kwabo. Na kwanta rub da ciki a kan tayil mai sanyi, na kafa ido ɗaya. Duhu. Takarda ta ce a murɗa maɓalli, a danna shi ciki, a latsa maƙyastu, a riƙe na daƙiƙa 20. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai ga shi, ɗan shuɗi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na yi hamdala, na ƙirga ashirin da Hausa, na ƙara da Larabci don albarka, na saki a hankali. Ya mutu. Takarda ta ce in ya mutu a jira minti 3 kafin a sake. Haka na yini, minti uku ina hura hannu, daƙiƙa ashirin ina begen wuta. Muddin yatsana na kai, tana ci. Na ɗaga, ta tafi.

Ana cikin haka Yaya ya kira daga Kano. Na juya masa kyamara ya ƙare mata kallo.

"Ka buga ta?"

"Yaya, gas ne fa."

"To ai shi ke nan, tunda in ka danna tana ci, nemo roba ka ɗaure wajen. Ko ka tokare da wani abu."

Idona ya faɗa kan muciya. Tsawonta daidai da tazarar da ke tsakanin maɓallin da ƙofar kabad, sai ka ce don haka aka sassaƙa ta. Na miƙa hannu ke nan uwargida ta riga ni. Ta ce ita da 'yarta ba su zo Ingila don a karanta sunansu a labaran ƙarfe shida ba, in kira maigidan haya yanzu, ko ita ta kira.

Shi ya turo mai gyara, bayan ya sake tuna mini tarihin boilar na rashin matsala. Mutumin ya iso washegari, kafin ya taɓa komai ya nuna mini katinsa mai hoto. A Birtaniya ba a yarda kowa ya yi sana'ar gyaran kayan gas ba sai yana cikin rajistar Gas Safe, wadda ta gaji CORGI a 2009. Ya durƙusa, ya kwance wata siririyar waya ta jan ƙarfe mai ɗan kai a ƙarshenta, ya ɗora mini a tafin hannu. Kan ya cinye, ya yi baƙi, ya tsage.

Ya ce wannan ne mai gadin gidan. Ƙarfe iri biyu ne aka haɗa bakinsu. In harshen wutar ya gasa su sai su haifar da 'yar lantarki da ba ta kai ko kusa da bolt ɗaya ba, ita ke riƙe da wani maganaɗisu da ke barin ƙofar gas a buɗe. In wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, ƙofa ta rufe, don kada gas ya cika gida mutane na barci. Namu ya tsufa, ya daina shaida cewa akwai wuta ko da akwai. Yatsana ne ke yi masa aikin. Na tambaye shi, a matsayin tambayar ilimi kawai, me zai faru in wani ya tokare maɓallin da itace. Ya dube ni, ya dubi muciyar da ke hannun uwargida, ya ce yana fata wannan wanin ba maƙwabcinsa ba ne.

Kafin shayinsa ya huce ya ɗaura sabo. Ya nuna mini launin wutar, ya ce shuɗi ake so. In ta koma rawaya tana lanƙwasa, alamar wata iska ce mai guba wadda ba ta da wari, a kashe, a buɗe tagogi, a fita. Sai "bum". Hanifa ta yi tsalle ta rungume bututun ɗumama ɗaki tun bai yi ɗumi ba.

Da dare Yaya ya sake kira. Na nuna masa tsohuwar wayar, na yi masa bayanin ƙarfe biyu da maganaɗisu tiryan-tiryan, har da hannu. Ya saurara har ƙarshe.

"Kada ka yar," ya ce. "In wani zai taho ka ba shi ya kawo mini. Akwai wani yaro a Ƙofar Ruwa, zai tashe ta."